Shekarar da Aka Ce Na Sa wa Jiddinku Guba

Hawa, Mahamat, da ke autata Ashe, wannan babin naku ne, ba na son ɗayanku ya tsallake shi. Na san abin da Goggo Zara ta gaya muku a kaina. Na san ba ta taɓa faɗinsa da ƙarfi ba, cikin raɗa take yi, tana yi wa Hawa kitso ko tana raba muku alewa: ku kula da uwarku, hannunta ba shi da kyau. Kun girma ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban tanka ba. Yanzu duk waɗanda shiruna yake karewa sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su, ni kuma idona ya fara gajiya da rubutu. Don haka ga yadda aka yi.

Ni 'yar Kano ce, kun sani. Babanku ya ɗauko ni ya kawo ni gidansu na Marjandafak, bayan kasuwa, gidan da kakansa ya gina tun Njamena ba ta kai rabin haka ba. Hausawa ne, amma Hausarsu rabi Larabci ce. In na ce asibiti su ce labtan, in na ce kunu su ce madide, in na buɗe baki matan gidan su kalli juna su yi murmushi, wai ina magana kamar rediyo. Wannan bai dame ni ba, ni ma a zuci dariyar tasu Hausar nake yi. Abin da ya tsaya wa mahaifin babanku a rai, wanda kuke kira Jiddi, shi ne aikina. Na yi shekara huɗu a kemis a Kano kafin aure, da na zo nan na koyi ɗan Faransancin karanta takardar likita, na samu aiki a wata farmasi a unguwar Bololo. Jiddi kuwa mai masaukin fatake ne, mutumin da ake cika wa sito da kaya a tafi shekara guda ba takarda ba shaida, maganarsa kawai. Ranar da ya ji na fara aiki, a tsakar gida ya faɗa, gaban kowa:

"Matar ɗana a bayan kanta, tana miƙa wa ƙattai ƙwaya. A gidana?"

Shekara shida ina durƙusawa ina gaishe shi, yana amsawa da "afe" guda ɗaya, wato "lafiya" da Larabcinsu, ba ya ko ɗaga kai daga carbinsa. Duk gidan sun san ba ya ƙaunata, duk gidan kuma sun san ina jin haushin hakan, don ni ban iya ɓoye fuskata ba. Ku riƙe wannan, shi ne abin da aka auna ni da shi daga baya.

Ciwonsa ya fara ne a hankali. Da safe lafiyarsa ƙalau, yana faɗa da 'yan dako. Da la'asar sai fatar idonsa ta sauko kamar mai gyangyaɗi, muryarsa ta koma ta hanci, nama ya gagare shi tauna, ruwa ma ya riƙa sarƙe shi. Goggo Zara, yayar babanku, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida take juya kowa, ta ce sammu ne, wani mai masauki ne a Bololo yake baƙin cikin fatakensa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka rago, ido bai buɗe ba. Ni na matsa wa babanku har aka kai shi labtan. Likitan wani siriri ne mai haƙuri. Ya sa Jiddi ya kalli rufin ɗaki har idon ya rufe da kansa, sannan ya yi masa wata 'yar allura. Ba a jima ba tsoho ya buɗe idanu tar, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce da muryarsa ta da a ba shi hularsa. Likitan ya ce sunan ciwon miyasteni, ya rubuta wata ƙwaya, piridostigmin, biyar a rana, huɗu da rana ɗaya bayan isha'i. Da ya ji aikina, ni ya kira gefe ya yi wa bayani da Larabci.

"Jijiya saƙo take aika wa tsoka," in ji shi, "wani ɗan ruwa da take fesawa a bakin ƙofarta. Tsokar Alhaji ƙofofinta sun ragu, saƙon kuma akwai abin da ke share shi nan take. Ƙwayar nan riƙe hannun mai sharar take yi, saƙon ya ɗan daɗe har tsoka ta ji. Amma ki kula. Wannan saƙon dai shi ne ke zuwa ga yawu da gumi da hanji da zuciya da ƙwayar ido. In maganin ya yi kaɗan, Alhaji ba zai iya haɗiya ba. In ya yi yawa, komai na jikinsa zai ɓalle, ƙarshe numfashi ya tsaya. Ɗaya-ɗaya, kowace da lokacinta."

Haka kwalbar ta dawo hannuna, har da abincinsa, don sai an daidaita cin da shan maganin. Wata biyar Jiddi yana cin namansa yana zuwa kasuwa. Wata rana na miƙa masa ƙwaya ya ce "Allah ya yi miki albarka," na shiga ɗaki na zauna ina ta juya maganar kamar an ba ni zinariya.

Sai azumi ya ƙarato, kuma na bazara ne, irin zafin da kwalta ke narkewa a titi. Likita ya ce ba zancen azumi ga Alhaji. Babanku da ƙannensa sun san halin ubansu, don haka suka kira limamin unguwa, aka zauna a zaure, liman ya karanto masa sauƙin da Allah ya yi wa maras lafiya, aka ware buhun ciyarwa. Ba su ƙyale shi ba sai da ya rantse. Ina bayan labule na ji shi:

"Na rantse da Allah bana ba zan ɗauki azumi ba. Kun ji daɗi?"

Na ɗauki hutu a farmasi na watan gaba ɗaya. Kullum gari na wayewa in kai masa madide da ƙwayar farko. Ya ce tunda kowa na azumi ba ya son a gan shi yana ci, in ajiye in ja masa ƙofa. Na ga kunya ce ta dattijo, na yi yadda ya ce. In na dawo in tarar da kwanon wayam.

Ran uku ga wata abin ya fara. Ban daɗe da fitowa daga ɗakinsa ba muka ji yana kakari. Muka tarar da shi rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yawu na dalala a gemunsa, yana riƙe da ciki, ya kasa kaiwa makewayi. Naman fuskarsa da na cinyarsa suna rawa su kaɗai. Na buɗe idonsa na ga ƙwayar idon ta tsuke ta koma kamar kan allura. Wannan shi ne abin da likita ya siffanta mini, alamar magani ya yi yawa. To amma ta yaya, ƙwaya ɗaya na ba shi? Kafin hantsi ya ɗaga abin ya lafa. Da la'asar kuma sai akasin haka, ido ya rufe, murya ta koma hanci, kamar bai taɓa shan magani ba. Washegari haka, jibi haka.

Zan faɗa muku gaskiya, kafin a zarge ni, ni na fara zargin kowa. Na zargi Goggo Zara da ba shi jiƙo a ɓoye, har na riƙa shinshina kofunan ɗakinsa in ta fita. Na zargi ƙwayar da zama jabu, na kai wa mai farmasinmu ya gwada ta da wata kwalbar, ya ce ɗaya suke. Na zargi kaina da mantuwa, na riƙa zana layi da gawayi a bayan ƙofata duk sanda na ba shi ɗaya. Har fataken da ke shiga gaishe shi na riƙa bi da ido, ina kallon hannuwansu. Ina cikin kallon mutane, ashe ni ma ana kallona. In na shiga madafa hira ta mutu. In na dama madide sai in ga Goggo Zara ta zo neman ludayi, ta tsaya a kaina har in gama.

Ran takwas ya kusa tafiya. Ƙirjinsa na ta gurnani kamar tukunya a kan wuta, leɓensa ya yi duhu. Muka sa shi a tasi sai labtan. Suka yi masa allurar atropin, wadda ke toshe wancan saƙon daga yawu da hanji da zuciya, a gabanmu gumin ya tsaya, ƙirjin ya bushe. Likitan ya karɓi kwalbar daga hannuna ya zazzage ta a kan tebur ya ƙirga. Ba ƙari ba ragi, daidai da kwanakin. Ya kalli ƙwayoyin, sannan ya ɗago.

"Akwai fiya-fiya a gidan?"

Babanku ya ce wace fiya-fiya, ta sauro?

"Ita. Aikinsu ɗaya da maganin Alhaji, mai sharar nan suke riƙewa. Bambancin, ƙwayar tana riƙewa ta saki bayan 'yan sa'o'i, ita kuwa in ta riƙe ba ta saki. Ko kaɗan ce ta shiga abincinsa, a kan maganin da yake sha, abin da muka gani shi za mu gani. Ku duba inda ake ajiye ta, da inda ake ajiye gero."

Bawan Allah, shi kuskure yake nufi, ko an fesa kusa da abinci. Amma Goggo Zara ba ta kalli likita ba, ni ta kalla, kallo ɗaya daga fuskata zuwa hannuna.

Kwana uku ya yi a labtan, ma'aikatan jinya suna ba shi magani suna tsaye a kansa har ya haɗiye, ko ciwon kai bai yi ba. Muka dawo gida, na ci gaba da kai madide. Safiya ta biyu abin ya dawo. Ran nan ina ɗakinsa ina goge masa jiki Goggo Zara ta shiga nawa ɗakin ta birkice shi, ta fito da kwalbar fiya-fiya daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga ta a tsakar gida. Wane gida ne a Marjandafak ba shi da irinta? Ita kanta tana da ita, na sani. Amma tata ba a ɗakin 'yar farmasi take ba, wadda ta san abin da ke kashewa da abin da ke rayawa, wadda aka yi shekara shida ana wulaƙantawa.

Aka tara manya da hantsi. Ƙanin Jiddi ya zo daga Bololo. Aka sa ni a tsakiya a kan tabarma, ke Hawa kina leƙe ta tagar ɗaki, shekararki biyar, Mahamat yana bayana a goye.

"A kai ta komisariya," in ji Goggo Zara. "Can za ta faɗa da bakinta."

Ƙanin Jiddi ya ce a'a, gidan nan ba a taɓa kai sunansa gaban 'yan sanda ba. Ya yanke cewa daga gobe Zara ce za ta riƙe magani da abinci. In aka ga abin da ya tabbatar da zargi, in koma Kano, yara kuma su zauna a gidan ubansu. Na rantse, na yi kuka, na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa manya ba. Sannan na juya wurin babanku.

"Baban Hawa, kai ma ba za ka ce komai ba?"

Ya ci gaba da kallon ƙasa. Goggo Zara ta ce, "Abakar ba yaro ba ne, yana da ido." Shi ke nan taro ya watse. Wallahi shirunsa ya fi maganarta yi mini ciwo.

Ranar ce ta ƙarshe da zan shiga ɗakin Jiddi. Bayan azahar, gidan ya yi tsit, kowa ya kwanta saboda zafi da azumi, na ɗauki ƙwaya da bokitin ruwa. Yana da wani ɗan tulu da aka kawo masa daga Gawi, ƙauyen masu ginin tukwanen nan, ba ya shan ruwa sai na cikinsa don sanyinsa. Kullum da safe nake cika shi, in sake dubawa bayan magariba. Ran nan kawai na ce bari in cika masa tun da rana tunda ba zan dawo ba. Na ɗaga faifan, sai na ga ruwa har wuya, yadda na bar shi da safe. Na tsaya da moɗa a hannu. Mutum ya yi gumi ya yi gudawa, ya ci abinci, ya haɗiyi ƙwaya biyu, a zafin nan, bai sha ko kurɓi ɗaya ba? Na zagaya 'yar kusurwar da yake alwala a bayan ɗakin. A bakin makwararin ruwa tururuwa sun yi layi a kan busasshen madide.

Na dawo na durƙusa. Yana kwance, idonsa ya fara saukowa.

"Baba, ruwan tulun nan ba a taɓa shi ba."

"Ba na jin ƙishi."

"Baba, azumi kake yi."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce in tura ƙofar. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wani ɗan gwangwanin turare ya buɗe. Ƙwaya biyu ne a ciki, ta safe da ta hantsi.

"Ban zubar da ko ɗaya ba," in ji shi, kamar mai kare kansa gaban alƙali. "Ina tara ta rana ne, in sha huɗun tare da sahur, da dabino. Yadda nake cika cikina da ruwa ya kai ni magariba, na ce maganin ma ya kai ni."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ran nan na tsaya a kan surukina ina magana. Na ce masa maganin nan ba ruwa ba ne da ake ɗura wa ciki a ajiye. Huɗu a lokaci guda su ne gumin da yawun da gurnanin ƙirji, kafin azahar kuma duk sun ƙare a jikinsa, shi ya sa da yamma ba ya iya haɗiya. Na ce masa ba wanda ya sa masa guba sai hannunsa, kuma saura kaɗan ran takwas ya mutu.

"Kai kake kashe kanka, Baba, ni ake shirin raba ni da 'ya'yana. Ka ji abin da aka yanke ɗazu, ƙofarka a buɗe take."

Ya ce ya ji. Ya ce shi bai taɓa kawowa maganin ne ba, ya ɗauka jarrabawa ce ta azumi, da aka ambaci fiya-fiya kuma shi ma ya fara tunanin ko gaskiya ne. Ku ji fa, shi ma ya zarge ni, yana kwance da gwangwaninsa a ƙarƙashin kai. Sai hawaye ya gangaro masa.

"Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban sha azumi ko ɗaya ba, ko a hanyar Abeshe a bayan raƙumi. Na kasa, Rabi. Na ga kowa ya tashi sahur, na kasa. Amma na rantse gaban liman da 'ya'yana. In aka ji na karya rantsuwa, na yi wa gidana ƙarya rabin wata, wa zai sake ajiye ko allura a wurina? Ki rufa mini asiri, 'yata. Bayan Salla ni da bakina zan faɗa."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ran nan, balle 'yata. Har yau da nake rubutun nan ban sani ba ko daga zuciyarsa ta fito, ko bakin ɗan kasuwa ne da ya san inda zai taɓa mutum. Na yi shekaru ina juya ta. Ko ma dai wace ce, ta kama ni. Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya: ya karya azumin yanzu a gabana, kuma kada ya sake. Na ɗebo ruwa na sa masa ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Ya kalli moɗar ya daɗe, leɓensa na motsi, sannan ya sha. Na kwashe gwangwanin na fita ina jin na ceci rai, har da ɗan alfahari.

Ni mai wayo, ni 'yar farmasi, ban hango abin da ke tafe ba. Washegari Goggo Zara ta karɓi kwalba da madafa. Jiddi ya ci, ya sha, ya haɗiyi ƙwayarsa ɗaya-ɗaya. Ba gumi, ba yawu, ba murɗar ciki. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ran na huɗu ya fito zaure da ƙafarsa yana karɓar gaisuwa. Goggo Zara ta tsaya a tsakar gida, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Kun gani? An cire hannunta, an ga lafiya."

A nan na gane da hannuna na haɗa musu shaidar da suke nema. Ba a kore ni ba, don Jiddi ya ce ba mai korata yana raye, aka yi ta yaba masa, wai dubi dattijo, an nemi ransa ya yafe. Amma an ware mini tukunya. Matan unguwa da ke zuwa in karanta musu takardar magani suka ɗauke ƙafa. Magana ta kai Bololo, mai farmasi ya kira ni ya ce in ɗan huta tukuna, hutun da ban dawo daga shi ba har yau. In Goggo Zara ta ga na ba ku abu a hannu, sai ta kira ku ta ce ku kawo ta gani.

Salla ta zo ta wuce. Na kalli Jiddi, ya ce bayan Layya. Layya ta wuce, ya aiko mini da turmin atamfa, na mayar masa. Daga nan in ya hango ni sai ya shiga jan carbi da sauri. Za ku ce me ya hana ni faɗa? Na yi alkawari, wannan ɗaya. Na biyu, wa zai yarda da ni a kansa? In ya musa, na ƙara wa kaina laifin yi wa tsoho ƙazafi. Na uku kuma girman kai ne, ba zan ɓoye ba. Ina so wanda ya san ni ya wanke ni ba sai na kawo hujja ba, mutum ɗaya kuma nake jira.

Shi kuwa babanku bai taɓa ce mini kin yi ba, bai taɓa ce mini ba ki yi ba. Sai dai ya fito da wata sabuwar ɗabi'a. In na kawo masa abinci sai ya ce, "Ɗan taɓa ki ji gishirin." In na kawo shayi ya ce, "Kurɓa ki ji ko ya huce." Da farko na ɗauka lallashi ne, har na ji daɗi. Sai wata rana na ɗago ido na ga maƙogwarona yake kallo, yana jiran in haɗiye. Na haɗiye. Shekara biyu muna haka, a cikinsu aka haife ki, Ashe.

Jiddi ciwon haƙarƙari ne ya yi ajalinsa, ba ruwan ƙwayar. Ana saura kwana biyu ya rasu, ya kori kowa daga ɗakin ya bar babanku shi kaɗai. Da la'asar babanku ya shigo ɗakina, fuskarsa kamar an zare masa jini. Ya zauna a bakin gado ya ce ko akwai madide. Na zubo na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya nufi baki da shi kai tsaye, yana kallona don in gani.

Na riƙe kwanon. Na karɓe shi daga hannunsa, na kurɓa, na haɗiye a gabansa, sannan na mayar masa.

"Rabi, Baba ya gaya mini."

"Na sani. Sha."

Tsohon ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ya kuwa riƙe masa, shi ya sa Goggonku ta mutu da abin da ta sani. Ita ban riƙe ta sosai ba, ubanta take so, ni kuma baƙuwa ce a wurinta. Babanku ne na riƙe a zuci. Ya nemi gafarata ba sau ɗaya ba, ya yi mini duk abin da miji ke yi wa mace har ya wuce. Ni kuwa daga ran nan ban sake miƙa masa ci ko sha ba sai na fara kai wa bakina. Shekara ashirin da shida. Kun tashi kuna gani, kuna tsokanarmu wai soyayyar tsofaffi, Mahamat har yana ce wa matarsa ta koya. Babanku sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai ya san abin da nake faɗa masa sau uku a rana.

A ciwonsa na ƙarshe, kun tuna ni nake ba shi a baki. Wata safiya kun fita sayo magani, na ɗebo kunu a cokali, ya kama wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ya isa haka, Rabi. Don Allah."

Na dube shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, idonsa cike da ruwa. Zuciyata ta ce ba shi, hannuna kuma ya riga ya saba. Na kai cokalin bakina, na haɗiye, sannan na ɗebo wani na ba shi. Ya sha, ya juya fuskarsa bango. Kwana uku bayan nan ya rasu.

Ban sa wa kowa guba a gidan nan ba, wannan nake so ku sani, ku kuma gaya wa 'ya'yanku. Amma in za ku roƙa mini gafara bayan raina, wannan cokalin za ku ambata.